Sunan da Ya Rasa Mazauni

Merran Isbister ta sauka daga jirgin wasiƙa
ran Talata, iska na marin tsibirin hagu da dama.
A jakarta littafi mai baƙin bango, fensir uku,
da taswirar hukuma, fara fat,
sai ka ce ba a taɓa hura wuta a nan ba.
Suna goma sha ɗaya ne kacal a kanta.

Ertie Cluness ya kai takardar dab da hancinsa.
Ya ce, "Sha ɗaya?
Daga ƙofata zuwa rijiya ma sun fi haka."

Suka fita, shi da sanda,
ita tana kokawa da iska a kan takarda.
Ga Kujerar Osla, dutse mai lotsawa a tsakiya.
"Za su ce miki miji take jira ya dawo daga teku.
Gishiri suka ƙara. Gwiwa ce ke damunta."
Ga Mashigin Ganga Bakwai,
inda igiyar ruwa ta kawo man shanu shekarar yunwa,
ba wanda ya tambayi jirgin wa ya nutse.
Ga Ramin Jar Tunkiya. Ga Gonar Rigima,
taku ashirin ce, ta raba 'yan'uwa shekara talatin.
Ga wani tsagi a jikin dutse da ya ƙi faɗar sunansa
sai da ya juya baya,
ita kuwa ta rubuta, kunnuwanta sun yi ja.

Kwana tara fensir na gajarcewa.
Suna ɗari huɗu da 'yan kai.

Ran na goma teku ta kwanta, suka shiga kwalekwale.
Ta nuna tudun da ke bayan coci, ta kira sunansa.
Tsoho ya tsayar da tuƙi, ya tofar da yawu a ruwa.
"Wannan sunan na tudu ne, a tudu ake barinsa.
A nan Mai Hula muke ce masa.
Teku tana da kunne, ba a gaya mata hanyar gida."

Ashe kowane tsauni suna biyu gare shi.
Ashe rabin aiki ta yi.

Ya koya mata yadda ake gane wuri a fuskar ruwa,
inda ba turke, ba sawu:
idan Mai Hula ya hau kafaɗar Tsohuwa,
saki ƙugiya, kifi na ƙasa.
Idan Haƙori ya ɓuya bayan Ƙirji, koma, akwai dutse.

"Saura ɗaya," in ji shi. "Akushin Baabie.
Ubana ya cika jirgi a can har ruwa na lasar baki."
Ta ce, "Ina yake?"
Ya daɗe yana duban gaɓa.
"Sai bututun hayaƙin gidan Baabie ya daidaita da tsagin dutse.
'Ya'yanta sun tafi ƙasar da ake kwana arba'in a jirgi.
Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
Rufi ya faɗi, bututu ya bi shi,
maƙwabta suka kwashe duwatsun suka yi garken tumaki."

Suka yi ta kewaya har hannunsa ya gaji.
Ruwa dai ruwa ne, ko'ina kamarsa ɗaya.

Da dare, a gaban fitilar kananzir,
ta zaunar da kowane suna a mazauninsa,
wannan a gaɓa, wancan a kwari.
Ɗaya ya rage a bakin fensir.
Ta kai shi kan shuɗin teku, ta ɗaga.
Ta sake kai shi, ta ɗaga.

Daga ƙarshe a gefen takarda ta rubuta shi,
can inda babban yatsa ke riƙewa,
ta ƙara da ƙananan baƙaƙe:
yana nan, in ji Ertie.